Atisayen fasalta wuri da mutum ga mai rubuta ƙagaggen labari

Duk mai bin labaran da matasanmu ke rubutawa suna turawa a WhatsApp da Facebook da Wattpad ya san falon nan guda ɗaya da kowa ke shiga: kujeru na alfarma, ƙamshin turare na tashi, sanyi na ratsa jiki. Ya kuma san yarinyar nan da ke yawo daga littafi zuwa littafi, doguwa, wankan tarwaɗa, idanu dara-dara, gashi har gadon baya. In marubucin ya gaji sai ya ce tsayawa fasalta kyanta ɓata lokaci ne, ya wuce abinsa. Mai karatu ya gama shafin bai ga kowa ba, bai kuma shiga ko'ina ba.

Abin da ke jawo haka shi ne marubucin daga littattafan da ya karanta yake ɗebo siffofi, idonsa bai yi aiki ba. Ko ya je ya kalli abu da kyau, bai san wanne zai ɗauka wanne zai bari ba. Aiki biyu ke nan, tarawa da zaɓe, kowanne da yadda ake koyonsa. Atisayen da ke tafe ba sa buƙatar komai sai ƙaramin kaye, wato littafin rubutu, mai shiga aljihu, da bik, da minti 15 zuwa 30 a rana.

Zaman kallo

Nemi wurin da za ka zauna minti 15 ba wanda ya damu da kai: bencin mai shayi, bakin tasha, inuwar rumfar teloli, ko wani lungu na babbar kasuwar Maradi ranar Litinin ko Juma'a, lokacin da mutanen ƙauyuka suka shigo gari. Marubuciyar da zaman tasha ba zai yi mata ba tana da wajen niƙa, da layin awo a likita, da gidan biki ana ɗora tukunya, har ma da tsakar gidansu da hantsi. A takarda za a rubuta. Waya tana kawo saƙonni su katse maka kallo, kuma da mutane sun ga ka ɗaga ta sai su ɗauka hoto kake yi, su gyara zama, abin da ka zo gani ya watse.

Rubuta abu 20, guntaye-guntaye, ba cikakkun jimloli ba. Raba su haka: 10 na ido, 4 na kunne, 3 na hanci, 3 na abin da fata ko harshe ya ji. Sharaɗin shi ne kowanne ya zama abin da za ka iya nuna wa wani da yatsa, ko ka ce masa saurara, ko shinshina. Saboda haka kalmomin hukunci ba sa shiga: kyau, muni, tsada, ƙazanta, yawa, burgewa, sosai, matuƙa. "Wurin ya yi datti" hukunci ne. "Ledojin ruwa sun maƙale a ƙayar shinge" abu ne da aka gani.

Guda bakwai ko takwas na farko da sauri za su zo, kuma ba su da wani amfani, domin kowa ya san su tun bai baro gida ba: mutane, hayaniya, ƙura, rana. Wajen na 12 za ka ji ba sauran abin rubutawa. Kada ka tashi. Daga nan ido ke fara aiki, ka lura hannun mai awon gero ya yi fari har gwiwar hannu, tiyarsa ta loɓa ta gefe ɗaya, yana buga ta a jikin buhu sau biyu kafin kowane awo, wata jar akuya kuma ta san daidai lokacin da yake juya baya.

Wani tarkon shi ne rubuta abin da ka sani a madadin abin da ke gabanka. Ka san sama shuɗiya ce, sai ka rubuta haka, alhali watan Janairu ne, hazo ya rufe ta, rana ta yi fari har ana iya kallonta ido da ido. Ka san kasuwa da ƙamshin yaji, alhali inda kake zaune hayaƙin injin niƙa da soyayyar fara ne ke shiga hanci. Kafin ka rubuta kowane abu, sake ɗaga kai ka tabbatar.

Kada a rubuta sunan kowa, kada kuma a ƙura wa mutum ido har ya tsargu. Yi wannan zama sau uku a mako har wata ɗaya, kana canza wuri. Abu 240 ke nan a kayenka, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ka aro daga littafin wani.

Idon wa muke bi?

Daga cikin 20 ɗin nan uku kaɗai za su shiga labari, wani lokaci ma biyu. Ma'aunin zaɓen shi ne mutumin da muke bi a labarin: me ya kawo shi wurin, me ke damunsa, me ya sani. Mai jin yunwa masu tuya yake gani a tasha. Wanda ake bi bashi fuskoki yake dubawa. A ganinmu wannan atisayen ya fi sauran duka, ya cancanci a daɗe a kansa.

Ɗauki wuri ɗaya daga kayenka ka rubuta shi sau uku, kowanne bai wuce kalmomi 100 ba, ta idon mutum uku masu buƙata dabam-dabam. Ba a yarda ka faɗi abin da ke zuciyarsu ba. Ba "ranta ya ɓaci", ba "tsoro ya kama shi". Abin da suka gani shi zai faɗa. Ga kasuwar dabbobi ta idon tsohuwar da ta kawo akuyarta ɗaya tilo:

"Inna ta ƙara naɗe igiyar a hannunta. Awakin da ke ɗaure a turakun duk sun fi tata cika, jajaye, gashinsu na sheƙi kamar an shafe su da man gyaɗa. Wani dillali ya zo ya ɗaga leɓen akuyar ya duba haƙori, ya matsa ƙugunta, bai ce uffan ba ya wuce. Ta bi takalminsa da kallo har ya ɓace cikin ƙafafun mutane."

Ga wurin nan dai, a wannan sa'ar, ta idon yaron da aka aika da jika ɗaya, wato takardar sefa 1000, ya yar:

"Ɓawon gyaɗa, kashin awaki, ledar ruwa da aka tsotse aka jefar, murfin kwalba da ya yi ƙyalli har ya duƙa ya tono shi. Duk takarda mai ja-ja da iska ta motsa, sai ya taka ta da ƙafa tukun ya waiwaya, sannan ya ɗaga ƙafar a hankali. Can sama da kansa ana ta ciniki, shi ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa."

Ba a ce tsohuwar ta karaya ba, amma wanda ya ga ta bi takalmin dillali da kallo ya san kanta a sunkuye yake. Yaron kuwa a tsakiyar kasuwar awaki yake amma ko akuya ɗaya bai gani ba, kuma haka ya kamata. Na ukun kai za ka rubuta shi: dillalin. Shi haƙora yake gani da ƙugu da hantsa, yana kuma karantar wa matsuwa ta kawo, wa ya zo jin farashi kawai.

Inda ake ɓatawa a nan shi ne marubuci ya cusa wa mutum sanin da ba nasa ba. Tsohuwar da ta fito daga ƙauye ba za ta faɗi sunan kamfanin mota da shekarar da aka ƙera ta ba. Wata doguwar mota ta gani mai baƙin gilashi, ta ja akuyarta gefe. Makaniki ne zai san sunan, kuma shi tun bai ga motar ba ya ji ƙarar da injinta ke yi.

Akwai kuma matsalar ɗan gari. Mutum ba ya lura da abin da ya saba. Wanda aka haifa a unguwar Mokoyo ko Bagalam cikin Maradi ba zai tsaya yana mamakin ƴan kabu-kabu ba, ko cewa in an ce dala 20 ana nufin sefa 100. In kana son mai karatu ya ga irin waɗannan, hanya uku ce. Ko ka kawo baƙo, misali wanda ya taso daga Katsina ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar ta Ɗan Isa, wanda allunan Faransanci da ƴan canji za su fara ɗaukar hankalinsa. Ko ka dawo da wanda ya daɗe a ci-rani, ya riƙa gwada abin da ya tarar da abin da ya bari. Ko kuma ka canza wani abu a wurin: an sare bedin ƙofar gida, butik ɗin da kullum yake buɗe yau da kwaɗo a jikinsa. Nan take idon ɗan gari zai faɗa kai.

Sunan abu na ainihi, da aikatau

Ɗauko shafi ɗaya na wani labarinka ka zagaye duk sunan da ya yi faɗi: itace, tsuntsu, abinci, kaya, tufafi, ɗaki. A kan kowanne ka tambayi kanka, wanne? Gawo ne ko aduwa ko goriba? Kurciya ce ko balbela ko hankaka? "Ta kawo masa abinci" bai faɗi komai ba. "Ta kawo masa ɗumamen tuwon gero" ya faɗi lokaci, ya faɗi halin gidan.

Sau da yawa za ka tarar ba ka san sunan ba. To sai a je wurin masu abin. Ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce rubutu kake koyo, ka tambayi sunan abu 10 da aikin kowanne. Magini zai ba ka tubali da azara da indararo da zanko da dakali. Maƙeri zai ba ka zugazugi da masaba da awartaki da uwar maƙera. Manomi zai nuna maka bambancin sungumi da hauya, da bambancin ƙasar jigawa da ta fadama. Amma kada murna ta sa ka juye su duka a shafi guda. Baƙuwar kalma biyu ta isa a sakin layi, kuma aikin da ake yi da abin shi zai bayyana shi: "ya kamo jan ƙarfen da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera" ba ya neman ƙarin bayani.

Aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, ya fi sifa ɗaukar kaya. "Ya tafi" zai iya zama ya ɗingisa, ya yi sanɗa, ya yi tangaɗi, ya yi sassarfa, ya ja ƙafa. "Ta kalle shi" zai iya zama ta leƙa, ta hango, ta harara, ta waiwaya, ta saci kallo. Gwajin da ke koyar da wannan: rubuta kalmomi 100 a kan mai shayi yana haɗa shayi a fada, wato majalisar hirar samari, ba tare da sifa ko ɗaya ba. Dole za ka koma ga fifita gawayi, da ɗaga buta sama ana tsiyaya, da juya shayi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tsaya.

Wani abu ƙarami da ake yawan sakaci da shi: shiga da shigo, fita da fito, kai da kawo. Wasalin ƙarshen nan shi ke gaya wa mai karatu inda yake tsaye. In muna tare da Gwaggo a tsakar gida, baƙo shigowa yake yi. Da an rubuta "ya shiga", an ɗauke mai karatu an ajiye shi a ƙofar gida ba da saninsa ba, jimla ta gaba kuma ta sake mayar da shi ciki. Shi ba zai gane abin da ya faru ba, sai dai ya ji wurin ya rikice masa. Bi kowace fitowa a labarinka da jan bik, ka ja layi a ƙarƙashin waɗannan aikatau, ka tabbatar duk suna fuskantar wuri ɗaya.

Amsa-kama gata ne da Hausa ta yi wa marubuci: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo fil, jiƙe sharaf, tsaya cak. Kowacce da abokin tafiyarta, ba a musanya su. Ɗaya ta isa a sakin layi. In suka kai uku sai rubutun ya koma tatsuniya. Wasu kuma sun gaji da aiki: in kowa a labarin zumbur yake miƙewa, to ba wanda ya miƙe zumbur.

Lokaci da yanayi

A nan ne mai karatu ɗan ƙasa ke kama marubuci. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore, don haka wanda ya zaunar da manoma a inuwar gawo a watan Agusta ya tona kansa. Gulbin Maradi yawancin shekara yashi ne ana taka shi da ƙafa, sai da damina yake kawo ruwa daga wajen Katsina, ya bi ta ƙasar Madarunfa ya zo Maradi ya wuce Tibiri. Masoyan da aka zaunar a bakinsa suna kallon ruwa a watan Maris, yashi suke kallo. Hadari daga gabas yake tasowa, iska da ƙura ke riga ruwa isowa, mata na gudun kwashe shanya. Shamuwa gab da damina take zuwa, ba a ganinta da ɗari. Mangwaro na bazara ne, tumu da ɗanyar gyaɗa na ƙarshen damina. Da hunturu leɓe na tsagewa, dunduniya na faso, da asuba yara na kewaye da wutar kara. A Afrilu kuwa zafi na haura 40, mutane a waje suke kwana.

Azumi ma yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Na 2010 a watan Agusta ya kama, tsakiyar damina, na 2024 kuwa a Maris. Mai labarin da ya sa shekara, ya duba wannan kafin ya rubuta ƙishirwar masu azumi. Haka tarihin garin: tsohon Maradi a kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da shi tudu. Labarin da ya faru kafin wannan shekarar ba zai bi titunan da muke bi yau ba.

Atisayen shi ne ka zaɓi wuri ɗaya kusa da gida ka leƙa shi sau biyar a yini guda: asuba, hantsi, azahar, la'asar, bayan isha'i. Layi biyar kowane zuwa. Ta ina haske ke faɗowa, ina inuwa ta koma, wa ke wurin, wace ƙara ce ta fi ƙarfi. Sannan ka ware shafi huɗu a bayan kaye, damina da kaka da ɗari da bazara, duk abin da ka lura da shi ka zuba a shafinsa. Ranar da kake rubuta damina cikin zafin Afrilu za ka gode wa wannan shafin.

Fasalta mutum

Jero mutum daga gashi zuwa yatsun ƙafa aikin mai cigiya ne, kuma mai karatu ba ya riƙe fiye da abu biyu ko uku. Ka ba kowane mutum alama biyu a jiki da ɗabi'a ɗaya. Alamar ta zama mai tarihi: kanta a tafin hannu, tabon ƙuna a damtsen mai tuya, tsagar gado a kumatun dattijo Bagobiri, rigar shadda da guga ya ci wuyanta amma kullum a wanke. Ɗabi'ar ta zama abin da zai iya dawowa a gaba, kamar mai taɓa aljihu duk lokacin da aka ambaci kuɗi. Ranar da aka ambaci kuɗi bai taɓa ba, mai karatu zai san wani abu ya faru.

Gwada fasalta mutum uku da ka gani yau ba tare da ka ambaci fuska ba. Hannu, takalmi, tafiya, murya, yadda yake zama, abin da yake riƙe da shi. Kalmomi 60 kowanne. Da wuya a farko, domin alƙalami ya saba gudu zuwa ido da hanci. Kyau kuwa, in dole ne a nuna shi, a nuna abin da ya jawo: mai awo ya manta tiya ta nawa yake, tsofaffin mata sun yi shiru da ta shigo, sannan suka tambayi ɗiyar wa ce.

A al'adarmu jiki na magana inda baki ba ya iyawa, kuma wannan taska ce da ba a cika taɓawa ba. Yadda matar ɗa ke durƙusawa nesa da surukinta tana kallon ƙasa, yadda uwa ke kauce wa sunan ɗanta na fari, inda yaro ke tuɓe takalmi kafin ya isa gaban malam, wa ya zauna bisa tabarma wa ya tsaya a bakinta. Duk wannan fasaltawa ce, kuma tana nuna matsayin kowa ba sai an yi bayani ba. Harshe ma haka. In dattijon labarinka ɗan Maradi ne, bar shi ya ce "mi ya hwaru" ko "shina tahe" a maganarsa, amma kaɗan-kaɗan, kuma muryar mai ba da labari ta tsaya a daidaitacciyar Hausa domin mai karatu na Kano ko Damagaram ya bi ba tuntuɓe.

Nawa, kuma a ina

Yawancin masu karatu yanzu a waya suke, wasu ma saurare suke yi ana karanta musu. Sakin layin da ya kai kalmomi 100 ya cika fuskar waya, kuma in duk fasaltawa ce yatsa zai ture shi. Ƙa'idar da ke aiki: jimla biyu ko uku na fasaltawa, sai wani ya motsa ko ya yi magana. A gajeren labari irin na gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, inda ake neman kalmomi 1000 zuwa 1500, kalmomi 200 zuwa 250 sun isa fasaltawa gaba ɗaya, a warwatsa su, kada a tara su a farko.

Akwai alamar da za ka gane labari ya tsaya: jimloli sun jeru da "akwai", "ga", "yana da", "tana da". Maganinsa a ba mutum aiki a cikin wurin. Maimakon a ce ɗakin yana da gado da akwati da jeren kwanoni, a sa yarinya neman kati na likita. Ta ɗaga katifa, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado murfinsa ya ƙi buɗuwa sai da ta doke shi, ta sauke kwanonin jere ɗaya bayan ɗaya ta tarar da shi a na ƙasa, tare da zoben da aka ce ya ɓata. An ga ɗakin duka, labari bai tsaya ba. Ɗauki fasaltawa uku daga tsofaffin rubuce-rubucenka ka juya su haka.

Ba ko'ina ake daɗewa ba. Tafiya daga unguwar Zariya zuwa Sabon Gari cikin Maradi a bayan kabu-kabu jimla ɗaya ce in ba abin da ya faru a hanya. Amma daƙiƙar da Baba ya buɗe rumbu ya ga dami nawa suka rage, nan ake rage gudu, a ji ƙarar murfin, a ga ƙurar da ta tashi, a ga hannunsa ya daɗe a ciki. Yawan kalmomin da ka kashe a kan abu alkawari ne ga mai karatu cewa abin zai yi amfani. In ka ɓata layi shida a kan agogon bango, zai jira agogon nan har ƙarshen littafi.

Kamantawa ɗaya a shafi ta wadatar, kuma ta fito daga duniyar wanda ke kallo. Man gyaɗan da ke cikin fasaltawar Inna nata ne, ta san shi a hannunta. Da an ce gashin awakin na sheƙi kamar gilashin mota, an fita daga idonta. Duk kamancen da ya zo maka ba wahala, hanci kamar biro, haƙora kamar ƙanƙara, to wani ne ya riga ka, goge shi.

Gyara

Ajiye rubutun kwana uku kafin ka koma masa. Karanta shi da ƙarfi, ko ka naɗi muryarka a waya ka saurara. Inda numfashi ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda hankalinka ya tafi wani wuri, na mai karatu ma zai tafi, yanke wurin. Daga nan ka ƙirga: a shafin nan gaɓoɓi nawa suka yi aiki? In ido ne kaɗai, cire abu ɗaya na ido ka sa ƙara ko wari a madadinsa, kada ka ƙara a kai.

Sai ka ba wani ya karanta, wanda ba marubuci ba ya fi. Kada ka tambaye shi ko ya yi daɗi, kunya za ta sa ya ce ya yi. Karɓe takardar ka yi masa tambaya uku: me ka gani a wurin, wane lokaci ne na yini da na shekara, mutumin nan me ke damunsa? In ya kawo abu biyu daga cikin ukun da ka zaɓa, wurin ya zauna. In ya ce "kasuwa ce dai", koma kayenka ka ɗauko daga na 12 zuwa sama. In kuma ya faɗi abubuwan daidai amma ya kasa cewa komai a kan damuwar mutumin, to abubuwan da idonka ka zaɓe su. Sake rubuta wurin, ka fara da abin da mutumin zai fara nema da ya iso.